Jitar Bes: Asalinta, Matsayinta a Kiɗan Ƙasar Hausa da Abin da Mai Koyo Ya Kamata Ya Sani

Jitar bes ita ce jita mai dogon wuya da kaurin tsirkiya wadda ke fitar da sauti mafi zurfi a cikin tawagar makaɗan zamani. Ita ce amon nan da mutum kan ji yana dukan ƙirjinsa a filin gangami ko zauren biki tun kafin kunnensa ya tantance waƙar da ake rerawa. Sai dai a mafi yawan waƙoƙin Hausa da ke tashe a yau, na fim da na siyasa da na biki, babu hannun da ya taɓa tsirkiya wajen samar da wannan amo. Daga cikin fiyano ko kwamfuta yake fitowa.

Ƙarancin masu kaɗa bes a Arewa ya samo asali ne daga tsadar riƙe tawaga, da matsalar lantarki, da ƙuntatar wuraren da ake kiɗa kai-tsaye, da rashin makarantun koyarwa. Duk matashin da ke sha'awar wannan kayan kiɗa, a birnin Kano yake ko a mazaɓar Sabon Gari ta ƙaramar hukumar Wudil, yana bukatar sanin wannan yanayi kamar yadda yake bukatar sanin inda zai ɗora yatsunsa.

Mece ce jitar bes, kuma mene ne aikinta?

Bes da aka fi sani tana da tsirkiya huɗu, waɗanda ake saita su a kan sautukan E da A da D da G. Tsirkiya mafi kauri tana girgiza kusan sau 41 a cikin daƙiƙa ɗaya, abin da ya kusanci iyakar ƙasa ta jin ɗan Adam, wadda take wajen sau 20. Mai tsirkiya biyar tana da ƙarin sautin B, wanda ke sauka zuwa kusan sau 31. Tsawon tsirkiyar daga wuya zuwa gindi yakan kai inci 34, wato santimita 86, kodayake akwai gajeru masu inci 30.

A jikin jitar, ƙarƙashin tsirkiyoyin, akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza, sai maganaɗisun ya mayar da girgizar ta zama ɗan siginar lantarki, amfilifaya kuma ta ƙarfafa shi zuwa lasifika. Idan babu wuta, bes ba ta da muryar da za a ji ta daga ɗaki zuwa ɗaki.

Aikinta biyu ne a haɗe. Tana tafiya tare da ganga wajen riƙe bugun kiɗa, kuma tana shimfiɗa sautin tushe wanda mawaƙi da sauran kayan kiɗa ke hawa a kansa. Shi ya sa makaɗa kan ce ba a lura da mai bes sai ranar da ya yi kuskure ko ya yi shiru.

Asalinta

Wani maƙeri Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc, mazaunin birnin Seattle, shi ya fara sayar da bes ta lantarki da ake ratayawa a kafaɗa a shekarun 1930, amma ba ta samu kasuwa ba. Wadda ta karɓu ita ce Precision Bass da Leo Fender ya fitar a 1951, sai Jazz Bass da kamfaninsa ya biyo da ita a 1960. Kafin nan, makaɗa na fama ne da ƙatuwar bes ta katako da ake kafawa a ƙasa, mai wuyar ɗauka, wadda ƙarar ganguna da kakaki ke danne muryarta.

Baƙaƙen fata ne suka fi ba wannan kayan kiɗa siffar da aka san shi da ita. James Jamerson ya kaɗa a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na Detroit a shekarun 1960, tsawon lokaci ba a ko rubuta sunansa a bangon faifai. Larry Graham ya shahara da salon marin tsirkiya da babban yatsa. A Jamaika, Aston Barrett, wanda ya rasu a 2024, shi ne ginshiƙin kiɗan Bob Marley. A Afirka, ƙasar Kamaru ta yi suna wajen fitar da gwanaye irin su Richard Bona da Étienne Mbappé, yayin da Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu ya ja hankalin duniya a faifan Graceland na 1986.

A Najeriya kuwa, kiɗan Fela Anikulapo Kuti ya nuna abin da bes za ta iya ɗauka. Gajeren zubi guda ake maimaitawa na tsawon minti goma ko fiye, a kansa ake gina kakaki da ganguna da zafafan kalaman suka ga gwamnati. A kan irin wannan tubali aka gina faifan Zombie, wanda ya fito gabanin farmakin da sojoji suka kai gidansa na Kalakuta a watan Fabrairun 1977.

Zurfin sauti ba baƙo ba ne ga Bahaushe

Kunnen Bahaushe ya daɗe da sabawa da amo mai nauyi. Tambarin sarauta da gangar noma da mandirin 'yan Ƙadiriyya duk a zurfin sauti ƙarfinsu yake. A ɓangaren tsirkiya akwai garaya da babbarta da ake kira komo, akwai molo, akwai kuma gurmi, wanda Haruna Uji na Haɗejiya ya shahara da shi. A tawagar kalangu irin ta Mamman Shata, kuntuku na riƙe bugu ba ya sauyawa, manyan kalangai kuma na yawo a kansa. Wannan rabon aiki, wani ya tsaya a matsayin turke domin wani ya sami sararin magana, shi ne ainihin tunanin mai kaɗa bes.

A Arewacin Afirka ma akwai 'yar'uwar wannan al'ada. 'Yan Ginawa na Maroko da masu kiɗan Sitambeli na Tunisiya, zuriyar mutanen da aka ƙetara Sahara da su, suna kaɗa wani babban molo mai tsirkiya uku mai zurfin murya. Masana sun daɗe da nuna alaƙar Sitambeli da borin ƙasar Hausa.

Zamanin tawagogi

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma wajen 1913 aka kafa unguwar Sabon Gari domin baƙin da suka biyo shi. Daga baya otal-otal da gidajen rawa da majami'un wannan unguwa, da takwarorinsu na Kaduna da Jos da Zariya, suka zama mazaunin kiɗan jita a Arewa. Tawagogin 'yan sanda da na soja su ma sun horar da makaɗa da dama.

Daga wannan duniya Bala Miller ya fito, ɗan asalin Zariya wanda ya rasu a 2003. Ya jagoranci babbar tawaga a Kaduna, yana waƙa da Hausa a kan kakaki da jita da bes, waƙarsa ta Ikon Allah kuma ta zaga ƙasa. Bongos Ikwue ya yi kiɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello. A Jos an yi tawagar Sahara All Stars. Funmi Adams ta rera waƙoƙin Hausa da gidajen talabijin suka yi ta sakawa.

A Jamhuriyar Nijar zaren bai tsinke ba. A 1987 aka fara gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu, kuma a ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe cibiyar horar da makaɗa a Yamai mai ɗauke da sunan Alhaji Taya. Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya rasu a 2008, ya ɗora waƙoƙin bori a kan jita da bes, kaset ɗinsa kuma suka mamaye Arewacin Najeriya a shekarun 1990. Tawagar Mamar Kassey ta haɗa sarewa da molo da bes. Tal National, wadda jagoranta Almeida ya yi aikin shari'a, tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, faifanta Kaani na 2013 ya kai ta Turai da Amurka. Mdou Moctar, wanda faifansa na 2024 mai suna Funeral for Justice ya caccaki rawar da Faransa ta taka a Nijar, yana tafiya ne da mai bes Ba'amurke, Mikey Coltun. Darasin Nijar a fili yake: inda aka samar da gasa da makaranta da dandali, makaɗa kan tsiro.

Yadda fiyano ya haɗiye tawaga

A Kano hanya ta bi wani wajen. Da masana'antar finafinan Hausa ta bunƙasa a shekarun 1990, sai situdiyoyi suka koma ga fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda ke ɗauke da kwaikwayon ganga da sarewa da bes a cikinsa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce a kan wannan sauyi da kiɗan nanaye da ya haifar, musamman bayan fim ɗin Sangaya na 1999. Lissafin mai sauƙi ne: mutum ɗaya da na'ura ɗaya sun wadatar a inda da sai an biya mutum biyar ko shida, an ciyar da su, an yi musu jigila. Mawaƙan siyasa ma wannan hanya suka bi, domin waƙar kamfe tana bukatar a haɗa ta yau, gobe ta hau lasifikar mota.

Sai kuma batun dokoki. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001, wuraren kiɗan dare kuma suka ƙara taƙaita. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa na Bahaushiya, a 2008 aka ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama, a 2009 aka kama Aminu Ala, a 2019 aka kama Naziru Sarkin Waƙa. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan adawar wasu malamai. Saɓanin malamai a kan hukuncin kayan kiɗa daɗaɗɗe ne, kuma kowane mai koyo zai auna shi da iliminsa da iyalinsa. Amma sakamakon a aikace shi ne, mutum ɗaya a rufaffen situdiyo ya fi samun kwanciyar hankali a kan tawagar da sai ta nemi zaure da izini da janareta.

Saboda haka a yau majami'u ne babbar makarantar bes a Arewa, sai tawagogin otal da na jami'an tsaro, sai bidiyoyin YouTube. Sashen nazarin kiɗa na farko a jami'o'in Najeriya a Nsukka aka buɗe shi a farkon shekarun 1960, cibiyar MUSON kuma a Legas take. Ga matashin Wudil, garin da ke da nisan kusan kilomita 40 daga Kano, mai masaukin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da Kwalejin 'Yan Sanda ta ƙasa, kasuwar kayan kiɗa mafi kusa ita ce Sabon Garin Kano, mafi girma kuma ita ce Alaba ta Legas.

Matakan koyo

Abu na farko shi ne lokaci. Mai bes da ya san sautuka ɗari amma bugunsa na gaba yana baya, bai kai wanda ya san uku yana sauke su daidai ba. Ana samun manhajar ƙidayar bugu kyauta a waya. Mai koyo ya saita ta a bugu 60 a minti, ya kaɗa sauti ɗaya a kan kowane bugu har sai ya daina jin ƙarar manhajar saboda sautinsa ya rufe ta. Sai ya ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu shi ne hannu. Hannun dama yana jan tsirkiya da manuniya da ɗan tsakiya, ɗaya bayan ɗaya, babban yatsa na jingine a kan maganaɗisu ko tsirkiyar sama. Hannun hagu yana danna tsirkiya dab da bayan ƙarfen gaɓa, babban yatsa na bayan wuyan jitar, ba tare da matsi mai yawa ba. Ciwon fatar yatsa a makonnin farko al'ada ce, kanta za ta fito. Ciwon wuyan hannu kuwa alama ce ta mummunan riƙo, kuma idan ya zo a dakata.

Na uku shi ne kashe sauti. Tsirkiyar da ba a kaɗa ba takan yi gunji da kanta idan maƙwabciyarta ta girgiza. Rabin gwanintar bes tana cikin sanya sauran tsirkiyoyi su yi shiru da tafin hannu ko yatsun da ba sa aiki, da sanin lokacin da za a yanke sauti.

Na huɗu shi ne kunne. Makaɗan Najeriya sun fi koyo da tsarin do-re-mi, kuma yana da amfani ƙwarai, domin wanda ya gane cewa waƙa na tafiya daga do zuwa fa zuwa so zai iya bin ta a kowane mataki mawaƙi ya ɗauko. A fara da sautin tushe, a ƙara na biyar da na takwas. Yawancin waƙoƙin gargajiya na Hausa a kan sautuka biyar suke tafiya, abin da ke sauƙaƙa wa mai koyo. Atisaye mai kyau shi ne ya kunna Shata ko Ɗan Maraya Jos ko Barmani Choge, ya nemo sautin da waƙar ke komawa gare shi, ya gina ɗan gajeren zubi da zai zauna tare da gangar. A nan zai gamu da bugun uku-uku da ya cika kiɗan Hausa, wanda darussan Turawa ba su cika damuwa da shi ba. Ya kuma tuna Hausa harshe ne mai karin sauti: bes da ta cika surutu a lokacin da mawaƙi ke magana tana dagula ma'ana. Wurinta shi ne giɓin da ke tsakanin ɗango da amshi.

Na biyar shi ne jama'a. Minti talatin kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi kaɗai, kuma zama ɗaya da mai ganga yana koyar da abin da wata guda a ɗaki ba zai koyar ba. Ɗaukar sautin kai a waya a saurara daga baya yana tona kurakuran da ba a ji a lokacin kiɗa. Salon marin tsirkiya, wanda ya fi ɗaukar ido a TikTok, ya jira sai tubalin ya zauna.

Zaɓen kaya

Tun bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023 kayan kiɗa, waɗanda kusan duka daga waje ake shigo da su, suka yi tsada. Don haka yawancin masu farawa na hannu za su saya, kuma ba aibi ba ne idan an duba da kyau.

Tsirkiya huɗu ta wadatar wa mai koyo. Mai biyar ta fi dacewa da wanda zai yi kiɗan majami'a ko na zamani mai bukatar sauti na can ƙasa, amma wuyanta ya fi faɗi, kashe sautinta ya fi wuya. Bes iri biyu ce ta fuskar lantarki: wadda ba ta bukatar batir, da wadda ke amfani da batir mai bolt 9. Ta farkon ta fi sauƙin gyara, ba ta kuma mutuwa a tsakiyar wasa. Yamaha da Ibanez da Squier da Cort suna da samfura masu rangwame da inganci, amma kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da manyan sunaye. Fender da aka sa wa farashin banza abin zargi ce, araha ba ta ado.

Kafin a biya kuɗi a duba abubuwa biyar. A hango wuyan daga kai zuwa gindi, a tabbatar bai murɗe ba. A danna kowace gaɓa a kowace tsirkiya, a saurari zuza ko mutuwar sauti. A lura da tazarar tsirkiya daga wuya, domin idan ta yi nisa yatsu za su wahala. A jona ta da amfilifaya, a murɗa kowane maɓalli, a girgiza bakin wayar, a ji ko akwai ƙarar tartsatsi. A kuma tabbatar sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wadda ake daidaita lanƙwasarsa da ita, tana juyawa. A rataya ta na minti goma, domin nauyinta kan kai kilo huɗu ko fiye. Zuwa da wanda ya iya kiɗa ya fi duk wata shawara.

Amfilifayar bes daban take da ta jita, kuma zurfin sautin bes na iya fasa ƙaramar lasifikar jita. Mai ƙarfin wat 15 zuwa 30 ta isa atisayen ɗaki, amma tsayawa gefen mai ganga na bukatar wat 200 ko fiye, ko kuma ƙaramin akwatin da ke tura sauti kai-tsaye zuwa na'urar zaure. A inda wuta ba ta da tabbas, ƙaramar amfilifaya mai batir da ake saurare ta abin kunne ta fi kowace amfani. Waɗanda suka shaida duhun da ya rufe jihohin Arewa na tsawon kwanaki a watan Oktoban 2024 ba sa bukatar ƙarin bayani. A sa sitabilaiza tsakanin janareta da amfilifaya, kuma kada a cire wayar ƙasa ta filogi, domin tsirkiyar ƙarfe ce, tana iya isar da wuta jikin mai kaɗawa. Kunne ma yana da iyaka: zama dab da lasifika na sa'o'i yana rage ji, ragin da ba ya dawowa.

Yanayin Arewa yana da nasa sharaɗin. Iskar hunturu tana busar da katako, bakin ƙarafan gaɓa ya fito yana kartar hannu, damina kuma ta kumbura shi. Don haka ana sake daidaita wuya idan yanayi ya juya, kwata-kwatan murɗi a lokaci guda. A ajiye bes a jakarta, nesa da rana da but ɗin mota, a goge tsirkiya da tsumma bayan kowane kiɗa, domin gumi da ƙura ne ke kashe ta.

Haƙƙi da sana'a

Mai bes ma'aikaci ne a waƙar wani, kuma tarihin Jamerson gargaɗi ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga masu gabatar da fasaha, ba ga marubucin waƙa kaɗai ba. Kafin shiga situdiyo ya kamata a rubuta ko biyan na sau ɗaya ne ko akwai kaso, da yadda sunan makaɗi zai fito. Wannan ya fi muhimmanci a waƙoƙin siyasa, inda kuɗi ke shigowa ta hannun mawaƙi, sauran kuma su dogara da alherinsa.

A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin al'adu da tattalin arzikin fasaha, ƙarƙashin Hannatu Musawa 'yar jihar Katsina. Ma'aunin da matasan Arewa za su iya auna irin waɗannan hukumomi da shi a bayyane yake: ɗakunan atisaye nawa aka buɗe, makarantu nawa ke da malamin kiɗa, kuma zaure nawa ne a Kano ko Wudil tawagar mutum biyar za ta iya kamawa da izini bayyananne da wuta tsayayya. Bes kayan kiɗa ne da ba ya rayuwa shi kaɗai, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Yawan masu kaɗa ta zai ƙaru ne gwargwadon yawan wuraren da makaɗa za su iya haɗuwa su yi aiki.